Gaban Mota da Bayan Mota: Hanyar Azbin a Rubutun Baƙi da Namu

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hunturu ya sauka rana ta rage kaifi, shi ne lokacin hawa hanyar Azbin. Haka abin yake tun zamanin raƙuma. A waɗannan watanni ne ayarin Abzinawa kan dawo daga Balma da kantun gishiri da dabino, ya huta a gindin duwatsunsu, sannan ya gangaro ƙasar Hausa neman gero da tufafi. Zuwan mota bai sauya wannan lissafi ba. Bature mai yawon buɗe ido da ya kawo motarsa mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda mutanen Nijar ke kira kat-kat, shi ma ɗari yake jira, domin zafin bazara a can yana iya dafa mutum da injin baki ɗaya. Daga irin waɗannan tafiye-tafiye na ɗari an tara littattafai da finafinai da hotuna masu ɗimbin yawa, da Faransanci da Ingilishi da Jamusanci. Da Hausa kuwa, abin da ke hannunmu bai cika tafi ba.

Wannan giɓi ya fi damunmu mu da muke rubutu daga kwarin Rima, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo, saboda wutsiyar hanyar a ƙofar gidanmu take. Wanda ya tashi daga Wurno ya bi ta Sakkwato zuwa Illela, ya tsallaka Birnin Ƙonni ya kwana Tawa, saura kimanin kilomita 400 ya hango hasumiyar masallacin Agadas. Gobirawan da ke gabas da mu suna cewa daga Azbin kakanninsu suka taso. Shehu Usmanu ya je Agadas yana saurayi wajen malaminsa Jibrilu ɗan Umaru. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya zauna Magarya kafin ya kafu a Wurno inda hubbarensa yake, ya ba ƙasar Ahir, wato Azbin, gurbinta a cikin Infaƙul Maisuri tun 1812. Ƙasar nan ba baƙuwarmu ba ce. Idan muka jera abin da baƙi suka rubuta game da hanyarta kusa da ɗan abin da namu suka rubuta, za mu ga abu guda ne ya raba su, wato inda marubucin yake zaune a cikin motar. Na gaba yana riƙe da sitiyari, yana kallon ƙasa ta gilashi. Na baya an ɗauko shi ne, yana kallon mutanen da ke matse da shi.

Bari mu fara da na gaba, tun da su suka fi baki. Labarin mota a hamada ya samo asali ne daga tallar kamfani. A ranar 17 ga Disamba 1922 motoci biyar na kamfanin Citroën, masu taya a gaba da sarƙa a baya, suka tashi daga Touggourt a Aljeriya, suka ratsa duwatsun Hoggar, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Janairu 1923. A Oktoban 1924 kamfanin ya sake tura motoci takwas, waɗanda suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram kafin su nausa tsakiyar Afirka, aka fitar da fim ɗin tafiyar mai suna La Croisière noire a 1926. Wanda ya kalli fim ɗin zai gane nan da nan waye jarumi. Mota ce. Ita ake nunawa tana hawa tudu, tana tsallake rafi, tana isa fada ana kaɗa mata tambura. Sarakuna da mahaya da 'yan mata masu rawa duk shimfiɗa ce da aka yi wa motar ta taka.

Gasar Paris-Dakar ta gaji wannan tsari ba ta rage komai ba. Ta farko ta tashi daga birnin Paris ranar 26 ga Disamba 1978 da ababen hawa 182, ta bi ta Tamanrasset da Agadas da Yamai, guda 74 suka isa Dakar. Shekaru da dama bayan nan, kowane Janairu sai talabijin ɗin Faransa ya cika da hotunan Azbin da Tenere da aka ɗauko daga jirgi mai saukar ungulu: ƙura ta miƙe kamar igiya a bayan mota ɗaya tilo, baƙaƙen duwatsu a gefe, babu ɗan Adam ko ɗaya. Daga wannan hoto ne dubban masu yawon buɗe ido suka koyi yadda ake ba da labarin tafiyar ɗari a kat-kat, har ya zama kamar karatun allo, kowa ya san harafin da ke biye. An shirya kaya, an tsallake iyaka bayan gardama da ɗan kwastan, mota ta kafe a rairayi, an ɓata na yini guda, an sha shayi da wani Buzu mai rawani wanda ba ya yawan magana, an kwana ƙarƙashin taurari ana rawar ɗari, an isa. Marubucin ya koma gida yana cewa hamada ta sauya shi.

Kada mu yi wa wannan rubutu rowar yabo inda ya cancanta, domin akwai abin da ya iya wanda mu ba mu iya ba. Ya san ƙasa da awo, ya san mota da suna. Marubucin irin wannan zai gaya maka cewa ana rage iskar taya kafin a shiga rairayi mai laushi don tayar ta baje, a mayar da iskar idan an hau tsakuwa don kada kaifin dutse ya yanka gefenta. Zai gaya maka rairayi ya fi ɗaukar mota da sassafe, lokacin da sanyin dare ya ɗaure shi, kafin rana ta sake shi. Zai gaya maka yawan jarkokin mai da na ruwa, da inda aka sa ƙaramar giya don hawa wani gangare a hanyar Timia, da yadda batir ke mutuwa da asuba a Iferwan idan sanyi ya kusa daskarar da ruwan buta. Dutse a wurinsa yana da suna da tsawo: Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowacce tsawo a Nijar take da mita 2,022, ko Tamgak, ko Girebun can arewa. Mai karatu yana gama shafin yana jin ya taka wurin. Wannan ba ƙaramar baiwa ba ce, kuma ba daga sama ta faɗo ba, daga littafin ajiyar lissafi ta fito, wanda ake cikawa kowane dare da fitila.

Amma Bahaushe ya ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ƙasar da waɗannan littattafai ke kira fanko cike take da mutane. A kwarurrukan Azbin akwai masu lambu da ke jan ruwa daga rijiya da raƙumi ko sa, suna noma alkama da tafarnuwa, a Timia har da lemo da rumman. Albasar Tabelot tana cika manyan motoci zuwa kasuwannin kudu, kamar yadda tamu ta fadamun Wurno da Goronyo ke yi, kuma wanda ya taɓa ɗaure buhun albasa da asubar ɗari a nan zai gane hannun ɗan'uwansa a can. Duk wannan bai cika shiga labarin ba, sai dai a matsayin wurin da aka tsaya aka sayi 'ya'yan itace. Ɗan jagoran da ya san kowace rijiya, wanda ba don shi ba da an binne marubucin, sau da yawa ko sunan mahaifinsa ba a rubutawa. A gasar Dakar ma, motocin tsere sun take mutanen ƙauyuka har da yara a ƙasashen da suka ratsa, amma sunayen da duniya ta riƙe na matuƙa ne. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila, ya ɓata kwana shida a kudancin Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Jiragen soja suka tashi nema, jaridun duniya suka ɗauka, aka same su da ransu. Mai karatu ya riƙe wannan kwana shida a zuciyarsa, za mu dawo gare su.

Abin mamaki, Baturen da ya fi kowa ganin mutanen Azbin ya zo ne shekara 70 kafin mota. Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya shigo duwatsun a 1850 tare da Richardson da Overweg, bayan an tare su a bakin iyaka an kwashe musu kaya mai yawa. Suka fake ƙarƙashin Annur, dattijon Kel Owi na Tintellust. Barth ya je Agadas a Oktoba, ya dawo, sannan suka zauna jiran ayarin gishiri, domin ba su da ikon motsawa sai da shi. A Disamba ayarin ya tashi da su, suka gangaro Damargu a Janairun 1851, ya shiga Kano a farkon Fabrairu. Wannan ita ce tafiyar ɗari ta cikin duwatsu da aka fi rubutawa da kyau, kuma dalilin a fili yake. Barth fasinja ne. Ba shi ke cewa a tashi ba, ba shi ke cewa a sauka ba. Wanda bai mallaki linzami ba dole ya koyi harshen mai linzami, ya san fushinsa da bashinsa da matansa, ya san abin da ya sa aka yada zango a nan ba a can ba. Shi ya sa a littafinsa Annur mutum ne mai wayo da rowa da alkawari, ba gunkin rawani ba. Shi ya sa kuma ya lura cewa Hausa tana gudana a bakin Kel Owi kamar harshensu na gado. Yana da nasa girman kai na Bature mai ilimi, ba mu wanke shi ba. Amma zaman baya ya buɗe masa ido.

Wannan Barth ɗin ya iso ƙasarmu a 1853. Daga Katsina ya ratsa dajin Gundumi, tafiyar da ta wuce yini da kwana ba a sauke kaya ba saboda rashin ruwa da tsoron mahara, ya sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa, sannan ya zauna Wurno sama da wata guda. Kafin shi Hugh Clapperton ya sauka Magarya a 1826 wajen Muhammadu Bello, ya rasu kusa da Sakkwato a Afrilun 1827, baransa Richard Lander ya kai takardunsa Ingila. To a cikin ayarin Barth da ya shigo Wurno akwai wani yaro Bahaushe da bai wuce shekara 13 ko 14 ba, sunansa Dorugu, kuma da shi ne rubutun bayan mota ya fara a harshenmu.

An haifi Dorugu a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Kukawa, Overweg ya 'yanta shi, da Overweg ya rasu a 1852 ya koma hannun Barth. Ya bi shi Sakkwato da Tambutu, ya dawo Barno, a 1855 suka haye hamada ta Balma da Murzuk zuwa Tarabulus, har Landan. A Ingila ya zauna gidan wani ɗan mishan Bajamushe, J. F. Schön, ya yi masa shiftar tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magána Hausa a 1885. Hanya ɗaya suka bi da ubangidansa, rana ɗaya ta doke su, amma in ka karanta su biyun sai ka rantse ba tare suka yi tafiyar ba. Barth yana auna nisa da zafi, yana tambayar sunayen sarakunan da suka shuɗe. Dorugu yana lura da wanda ya ba su abinci da wanda ya hana, da ƙishirwa, da gajiyar ƙafa, da fushin manya. Jimlolinsa gajeru ne, an ɗaure su da "sai" da "muka", kamar mai ba da labari a dandali yana sauri kada a katse shi. Inda ya fi ƙarfi shi ne inda ya fi ƙanƙanta, wato rabuwarsa da iyayensa, wanda ya faɗa ba tare da kuka ba har mai karatu ya ji kukan ya dawo kansa. Da ya isa Ingila kuma sai ya juya wa Turawa idon da suka saba juya mana, yana bayanin yadda suke zama cin abinci kamar mai bayanin wata al'adar ban mamaki.

Dole a tuna cewa alƙalamin a hannun Schön yake, kuma yaro da ke cin tuwon gidan mutum yana auna abin da zai faɗa masa. Duk da haka muryar ta tsira. Abin da bai tsira ba shi ne ƙasar. Dorugu ya haye hamada sukutum, amma da ƙyar mai karatu zai fito da hoton dutse guda ko kwari guda da zai iya ganewa in ya je. Mai tafiya a ƙasa bayan raƙumin wani ba shi da lokacin kallon ƙololuwa. Wannan uzuri ne mai ƙarfi ga yaro bara a 1855. Tambayar ita ce ko uzurin zai ci gaba da rufe waɗanda suka biyo bayansa.

Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ɗaya daga cikin littattafan gasar 1933 da aka buga a Zariya, shi ne ƙagaggen labarinmu na farko da ya ɗauki hanyar arewa da gaske. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, tafiya zare ce kawai da aka shiga da ita cikin duwatsun wuya, kowane gari wurin sabuwar dabara ne, ba wanda ya damu da abin da ke tsakanin gari da gari. A Shehu Umar kuwa hanya ita ce masifar kanta. An sace yaro, an kai shi Kano, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya tafi da shi ƙetaren hamada ya rene shi ya ba shi ilimi. Daidaituwar sunan da laƙabin Barth abin murmushi ne ga wanda ya karanta Dorugu. Amma zuciyar littafin ba Umar ba ne, uwarsa ce, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta aka sayar da ita, ta ƙare baiwa a ƙasar Larabawa, ta gan shi a ƙarshen ƙarfinta ta cika. Ɓalewa ya fahimci abin da duk finafinan Citroën ba su fahimta ba, cewa mafi yawan waɗanda suka taɓa bin hanyar nan ba da son ransu suka bi ta ba, kuma ba su ne ke zaɓar watan tashi ba.

Inda muke da ƙorafi da littafin shi ne inda muke da shi da Dorugu, sai dai nan uzurin ya fi rauni. Guguwar rairayin da ta binne ayari a hanyar dawowar Umar tana zuwa ta wuce cikin 'yan layuka, kamar hukuncin da aka karanta a kotu. An gaya mana abin ya faru, ba a sa mu a cikinsa ba. Watanni na tafiya suna shigewa cikin jimla guda. Wani zai ce ai salon malamai ne, tsoho ne ke ba ɗalibansa labari a zaure, ba zai tsaya siffanta launin dutse ba. Mun yarda, kuma wannan kamun kai yana cikin abin da ya ba littafin kwarjini. Amma almajiran Ɓalewa sun gaji gajartawar ba su gaji nauyin da ke ƙarƙashinta ba. Littattafan tafiya da suka biyo baya, Tafiya Mabuɗin Ilmi na Imam a 1944 da Motsi Ya Fi Zama na Malam Aminu Kano, sun juya fuska zuwa Turai. Hanyar arewa sai ta fita daga rubutu daidai lokacin da mota ta fara binta.

Duba abin da muke karantawa yau a wayoyinmu, a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Motoci sun cika labaran maƙil, kuma akasari irin masu ja da ƙafa huɗun ne, Prado da Range Rover da Land Cruiser. Amma aikinsu ɗaya, su tsaya a ƙofar gidan budurwa a ga mai kuɗi ya zo. Motar littafin Hausa ba ta faci, ba ta zafi, lagiretonta ba ya yoyo, ba ta taɓa kafewa ba tun da aka ƙera ta. Idan labari ya bukaci a je nesa, sai a ce bayan kwana biyu suka isa, ko a hau jirgi zuwa Dubai. Agadas tana yawan fitowa, amma a matsayin ma'adinar kyawawan mata: jaruma fara ce mai dogon gashi saboda uwarta Buzuwa ce, shi ke nan an gama da Azbin. Wannan bai fi shayin Bature da Buzu mai rawani ba ko kaɗan, ya ma fi shi muni, domin mu maƙwabta ne. Makaɗanmu sun fi marubutanmu adalci a nan. Mamman Shata ya ɗauki direba a matsayin gwarzon da ya isa a yi masa waƙa, kamar yadda ya yi wa Bawa Direba, ya san hanya sana'a ce mai sirri da haɗari. Zube bai bi shi ba.

Alhali kuwa hanyar ba ta taɓa cika da Hausawa kamar a shekaru 20 da suka wuce ba. Tawayen 2007 da nakiyoyin da aka binne, da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyam a Arlit a 2010, sun kori masu yawon buɗe ido. An ɗauke gasar Dakar daga Afirka bayan soke ta 2008. Direbobin da suka saba kai Turawa Timia da Tenere ba su sayar da saninsu ba, kaya suka sauya. A da, kowace Litinin jerin Hilux kan tashi daga Agadas zuwa Dirku da Libiya, kowace da mutum 20 ko fiye a baya, ƙafafu a waje, kowa ya rungume sandar da aka kafe tsakanin cinyoyinsa don kada barci ya jefar da shi. A kasuwar Agadas ana sayar musu da safar hannu da hular rufe fuska da tabarau, domin iskar ɗari a bayan mota mai gudu tana yanka kamar aska. Da zinariya ta ɓulla a Jado da Cibarakaten a 2014, samari daga ƙasar Hausa ta Nijar da ta Nijeriya suka bi sahu. Dokar hana safarar baƙin haure ta 2015 ta sa direbobi suka riƙa kauce wa rijiyoyin da sojoji ke tsaro, suna bin inda in mota ta lalace babu mai wucewa, har gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littafi ne guda.

Yanzu mu koma ga kwana shidan Mark Thatcher. A ƙarshen Oktoban 2013, tun ɗari bai gama sauka ba, aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motoci biyu ne suka ɗauko su zuwa Tamanrasset, duka suka lalace, ƙishirwa ta ƙarasa sauran. Mafi yawansu daga yankin Kance suka fito, ƙasar da aka haifi Dorugu. Gwamnatin Nijar ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan mata Hausa suke ji, da Hausa suka yi wa 'ya'yansu magana ta ƙarshe, kuma kowace daga cikinsu uwar Shehu Umar ce da ta hau mota maimakon raƙumi. Abin da ya rage mana daga gare su lissafi ne da aka fassaro daga kamfanonin dillancin labarai na waje. Ɗan Firayim Minista yana da suna da hoto da hira. Su suna da lamba.

Ba sai mun je Arlit ba ma. Dajin Gundumi da Barth ya ratsa yana tsoron mahara ya koma yadda ya same shi, hanyar da ta bi ta cikinsa zuwa Isa ta zama wadda direba ke tambaya kafin ya shiga. A Oktoban 2021 an kashe fiye da mutum 40 a kasuwar Goronyo. A Disambar shekarar, cikin tsakiyar ɗari, aka tare motar fasinja kusa da Gidan Bawa a yankin Sabon Birni aka cinna mata wuta da mutane fiye da 20 a ciki. Kowa a nan ya san yadda ake shiga mota yanzu: a tambayi wanda ya fito, a jira a taru a yi jeri, a kashe waƙa idan an kusa wani kwana, tsohuwa ta fara salati a hankali sauran su amsa. Wannan ilimi ne mai zurfi kamar na rage iskar taya, kuma yana bakin kowane ɗan kamasho a tashar Wurno. A takarda ne kawai babu shi.

Akwai ɗan Azbin guda da ya gwada zama a kujerun biyu. Mano Dayak ya tashi a kwarurrukan duwatsun, ya yi karatu a waje, ya kafa kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, ya yi aiki da masu gasar Dakar, daga baya ya zama ɗaya daga cikin jagororin tawayen shekarun 1990, ya rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995. Filin jirgin Agadas sunansa yake ɗauke da shi. Ya rubuta littattafai, amma da Faransanci, don masu karatun Paris, kuma ana jin hakan a cikinsu: yana sayar musu da hamadar da suka riga suka saya, ko da yake da hannun mai ita. Misalinsa yana nuna cewa zama ɗan ƙasa kaɗai bai isa ba. Wanda kake yi wa magana shi ke zaɓar abin da za ka gani.

Idan ana neman wanda zai riƙe labarin hanyar nan da Hausa, mu dai ba direba za mu zaɓa ba, ba kuma fasinja ba. Yaron mota za mu zaɓa. Shi kaɗai ne yake rabin gaba rabin baya. Ya san kukan injin da ke nuna bel ya kusa tsinkewa, ya san jarka nawa ta rage da wadda aka ɓoye wa fasinja, ya san nawa aka ba kowane shinge daga Tawa zuwa Abalak. Shi ne kuma ya karɓi kuɗin matar nan mai goyo, ya ga ƙullin da ta kwance ta ciro su, ya ji sunan garin da ta ce za ta. Da asubar Janairu a gindin Bagzan, lokacin da maigidansa ke naɗe cikin bargo a kujerar gaba, shi ke fita da yatsu a sandare ya hura gawayi, ya duba mai da ruwa, ya zagaya baya yana taɓa kafaɗar kowa don ya ga wanda ya motsa.